Kwana Tara da Na Tsare Ƙofar Babanku

Akwai labarin da kuka taso kuna ji a bakin Goggonku Yalwa, Allah Ya jiƙanta, wai na hana ta ganin ƙaninta a asibitin Alƙahira, ta baro Kano takanas na ajiye ta a tsakar gida kamar mai jiran mota. Na san kun ji, don duk sallah sai ta ba da shi, kuma kowace shekara sai ya ƙara tsawo. Ban taɓa musa mata ba, saboda gaskiya ne, na hana ta. Abin da ba ku ji ba shi ne dalili, kuma tunda idona ya fara raguwa gara in rubuta muku tun ina ganin layin takarda.

Shekararmu ta uku ke nan a Masar, a cikin 2013, ku duk kuna gida, masu aure na aurensu, masu karatu na karatunsu. Muna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon gini a unguwar Dokki, kusa da ofishin jakadancinmu inda Babanku yake kula da harkokin ɗalibai. A takarda aikinsa sa hannu ne da buga hatimi. A zahiri kuwa shi ne uban duk wani ɗan Arewa da ya zo neman ilmin addini a garin nan. Wanda takardar zamansa ta ƙare, wanda mai gida ya kora, wanda ya faɗi jarrabawa yana tsoron rubuta wa iyayensa, duk gidana suke ƙarewa. Ranar Juma'a tukunyata ba ta sauka daga kan wuta. Ina mita, amma ina jin daɗi, don gida mai hayaniya na saba da shi, kuma yaran nan suna cin tuwo da wani irin farin ciki da ke sa mai girki ta manta da ciwon baya. Kun dai san halin Babanku da baƙo. Ba ya amsa gaisuwa a kishingiɗe, kuma ko yaron da ya haifa ne ya zo, sai ya saukar da shi hawa huɗun nan da ƙafa, ya tsaya a bakin titi har ya ga ya shiga mota. Ni kan leƙa ta taga in ce masa ya ƙarasa da su unguwar Hay el-Sabi' mana, tunda can suke zaune, ya huta gaba ɗaya.

Hawan jini kuwa ya daɗe da shi tun muna gida. Sai wani mai shago a unguwarmu ya gaya masa karkade mai sanyi, wato zoɓonmu dai, yana sauke jini. Mutumin da ba ya son haɗiyar ƙwaya ko ta zazzaɓi, an ba shi abin da yake so ya ji. Ya ajiye maganinsa a bayan littattafai, ya koma shan zoɓo kofi biyu a rana, ni kuma ina ta dafa masa ina murna wai mijina ya rage shayi. Wata huɗu ya yi a haka ban sani ba.

Wata Litinin da safe muna karyawa, ya ɗauki kofi da hannun hagu sai kofin ya zame. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga gefen bakinsa ya karkace.

“Malama,” ya ce, don haka yake kirana tun ina koyarwa, “kaina kamar ana sara.”

Maganar ta fito a dagule. Kafin in zagayo teburin ya yi amai. Na ƙwala wa bawwab kira, wato mai gadin gininmu, shi da wani maƙwabci suka ɗauko shi, muka sa shi a tasi. Ban san da wane Larabci na yi wa direban magana ba, amma ya fahimta, don ya bi hannun da ba nasa ba har ƙofar asibiti.

Likitar da ta karɓe mu Dakta Huda ce, 'yar ƙaramar mace mai tabarau a rataye da igiya, tana tafiya kamar ana bin ta. Aka ɗauki hoton kansa, ta kira ni gaban allo ta nuna mini wani farin tabo a ɓangaren dama, girmansa kamar ƙwallon goro. Da Turanci muke magana, tana haɗawa da nata Larabcin, tana kirana Hagga, wato Hajiya.

“Ya Hagga, jijiya ce ta fashe a nan, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Awon jininsa ya haura ɗari biyu da ashirin. Muddin yana can sama, wurin zai ci gaba da tsiyaya.”

Na ce to ta sauke shi mana, yanzu-yanzu, ta kai shi ƙasa.

“Zan sauke shi, amma ba zan jefo shi ba. Idan ya faɗo da yawa, sauran ƙwaƙwalwar ba za ta sami jini ba. Kusa da ɗari da arba'in nake so, a cikin sa'o'in nan na farko, kuma in ya kai ya tsaya a wurin. Abin da na fi tsoro shi ne ya riƙa hawa yana sauka.”

Aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, aka ɗaga kan gadon, aka sa masa magani ta jijiya da wata 'yar na'ura mai tura shi ɗigo-ɗigo. Nas tana duba allo, in lamba ta hau ta ƙara, in ta sauka ta rage. Abin awon da ke damtsensa yana kumbura yana sacewa da kansa. Ba ci, ba sha, sai an tabbata zai iya haɗiya. Na zauna ina kallon lambobin nan suna saukowa a hankali, kafin azahar sun kai inda take so, sai na ji numfashina ya dawo.

To a nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na fita na kira mutum ɗaya tak, Malam Nasiru, shugaban ɗalibanmu, magidanci mai hankali, na ce a sa Alhaji a addu'a. Na manta da wa nake magana. Bahaushe ba ya jin ciwon mutum ya zauna. Kafin la'asar ƙananan motocin haya suna ta sauke fararen riguna a ƙofar asibiti, kowa da kwanon abinci ko ledar lemo. Dokar asibitin ita ce dangi na jini kawai, biyu-biyu, daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Duk wanda mai gadi ya tambaya sai ya dafa ƙirji ya ce babansa ne, kuma har ga Allah ba ƙarya suke yi ba, haka suka ɗauke shi. Biyu suka shiga, biyu suka fito, wasu biyun suka shiga. Ni ina tsaye ina amsa sannu, har wani daɗi nake ji a raina cewa mijina yana da mutane.

“Sannu Baba. Ya jiki? Allah Ya sa kaffara ne.”

“Da sauƙi,” in ji Babanku, da rabin baki. “Ya karatu? Ya mutanen Sabi'? Kai, takardarka ta fito kuwa?”

Duk wanda ya shigo sai ya yunƙura zai zauna. Da Malam Nasiru ya yi addu'a ya juya zai fita, sai na ga mutumin nan ya dafa ƙarfen gado da hannun da ke aiki, ya zuro ƙafa ɗaya.

“Bari in taka muku.”

Na'urar ta fashe da kuka. Na duba allo na ga ɗari da casa'in. Nas biyu suka shigo a guje suka danne shi, shi kuwa yana ba su haƙuri yana cewa bakin ƙofa kawai zai kai su.

Washegari aka sake hoto. Dakta Huda ta jera mini na jiya da na yau. Ba na bukatar karatun likita in ga tabon ya ƙaru, kaɗan ne, amma ya ƙaru. Ta ce irin wannan yakan faru a ranar farko ko da ba a yi komai ba, ba za ta rantse baƙi ne suka jawo ba. Sannan ta buɗe takardar awo ta sa yatsa a kan ƙarfe huɗu zuwa shida, inda layin ya yi ta tsalle.

“Ya Hagga, mutumin nan 'ya'yansa nawa ne?”

Na ce biyar.

“Mai gadi ya ƙirga sittin da ɗaya.” Ta cire tabarau. “Maganina yana ja ƙasa, baƙinki suna ja sama. Idan ya sake ƙaruwa sai dai tiyata, kuma wurin yana da zurfi, ba na so a kai ga haka. Mai gadi ba zai iya da mutanenki ba. Ke za ki iya?”

Ku da kuka taso a gida kun san abin da take nema a wurina. Dubiya ba ziyarar nishaɗi ba ce, hakki ne, kuma matar da ta mayar da mai dubiya daga ƙofa ta sayi sunan da zai bi ta har jikokinta. Za a ce tana da abin da take ɓoyewa, za a ce ta raba shi da mutanensa. Na san duk wannan ina tsaye a wurin, kuma na ji tsoro. Amma shekara ashirin na yi ina shugabar makarantar firamare, na tsare ƙofa a gaban iyayen da suka fi waɗannan zafi. Na ari kujerar roba a wurin masu shara, na dasa ta a bakin matakala, na zauna da carbina.

Malam Nasiru ne ya fara zuwa, da mutum takwas a bayansa.

“Mama, minti ɗaya kawai. Ba za mu yi magana ba, wallahi.”

“Ku ba za ku yi ba, shi zai yi. Khalas, an gama magana, Malam. A sauka.”

Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya sauka. Bayansa matan manyan ofis suka zo da turare da kuloli, har da wadda mijinta ke gaba da Babanku a aiki. Na gaishe su har ƙasa, na mayar da su. Ɗaya ta ce a kunnena, da murmushi, ashe haka nake. Wannan ta yi mini ciwo, har yau ina jin ta.

Sai dai ban kore su gida ba, don na san ba za su tafi ba. A bayan asibitin akwai wani fili mai bishiyoyi inda dangin marasa lafiya ke shan iska. Na sa aka kawo tabarmi daga gidana da manyan fulas na shayi. Na ce duk mai dubiya ya zo nan, ni zan sauko in karɓi gaisuwa a madadin Alhaji, in faɗi yadda ya kwana, a yi masa addu'a daga ƙasa, Allah yana ji. Kafin kwana uku filin nan ya zama wata ƙaramar unguwa. Ɗalibai suna karatun Alƙur'ani a gefe, mata suna zuba waina da dambun nama a faranti. Abincin da mara lafiya ba zai ci ba sai muka riƙa raba wa Misirawan da ke jinyar nasu, su kuma suna kawo mana burodinsu da cuku. Wani tsoho ya zo ya yi mini ta'aziyya, na ce ba a mutu ba, ya ce to wa ake aurarwa? Nas-nas suka koyi cin yaji suna hawaye suna ƙari. Duk wanda ya zo, lamba yake fara tambaya kafin ya jiki. In na ce ɗari da talatin da takwas, sai ka ji kabbara kamar an ci ƙwallo. A nan yaran suka sa mini suna Hajiya Bawwab. Suna zaton ban sani ba.

A kwana na biyar Goggonku ta sauka. Ita ta goyi Babanku bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura bai taɓa zama ba in tana tsaye. Kun san muryarta, ba ta da ƙarami. Daga filin jirgi ko gida ba ta biya ba. Ina kan kujerata na ji salati yana hawo matakala.

“Ina yake? Ina ɗan uwana? Wayyo Allah, Asabe, me kuka yi masa a ƙasar mutane?”

Na tare ta na durƙusa na ce, “Yaya, sannu da hanya. Yana samun sauƙi. Amma ba za ki shiga ba yau.”

“Ba zan me?”

“Likita ta ce kansa yana kan kumbura a kwanakin nan. Idan ya gan ki zai tashi, in ya tashi jinin zai hau.”

“Ni zan kashe shi ke nan? Ni da na tauna na ba shi? Ke yaushe kika zo?”

Sai ga nas ta leƙo tana kirana da hannu. Na shiga na tarar idonsa a buɗe, yana laluben ƙarfen gado, lamba ta tashi daga ɗari da arba'in ta doshi ɗari da saba'in. Ta cikin ƙofa biyu ya ji ta.

“Malama, kamar muryar Yaya.”

“Wace Yaya? Wata Basudaniya ce ake hana ta shiga da abinci. Kwanta.”

Shekara talatin da ɗaya da aure ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba. Ya dube ni, ya lumshe ido, lambar ta fara komawa. Na fito na ja Goggonku har ƙasa, tana fisgewa ina riƙewa, a gaban ɗalibai da matan ofis da kowa.

Kwana huɗu ta yi a filin nan. A gidana take kwana amma ba ta cin abincina, ta sayi tukunyarta. Ba ta amsa gaisuwata sai dai ta amsa wa bango. A kan tabarma kuwa ta samu fada, tana ba yaran labarin Babanku yana ƙarami, yadda ya taɓa raka baƙo har garinsu aka kwana biyu ana nemansa, suna dariya har da riƙe ciki. In na sauko da lamba sai ta juya baya, amma ina ganin kunnenta. Daga baya na ji tana tambayar Malam Nasiru a ɓoye wai ɗari da talatin da biyar ɗin nan mai kyau ne ko maras kyau.

A kwana na tara aka cire maganin jijiya aka mayar da shi kan ƙwayoyi. Ya haɗiyi cokali uku na kindirmo bai shaƙe ba, ya motsa yatsun hagu biyu, hoto ya nuna tabon ya tsaya. Dakta Huda ta zo tana murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta, ta ce mutum ɗaya zai iya shiga, minti goma, in dai mai shiru ne. Jirgin Goggonku washegari ne. Na fara gaya wa Babanku gaskiya a hankali, na ce Yaya tana ƙasa tun kwana huɗu, kuma in ya ɗaga kai daga matashi ko da faɗin yatsa ne zan fitar da ita.

“Ai na san ba Basudaniya ba ce,” ya ce. “Tsoronki na ji.”

Na sauka na tsaya a gabanta na ce, “Yaya, ki zo. Amma ba kuka, ba salati da ƙarfi, ba tambaya.”

Na zaci za ta zage ni. Sai ta tashi ta gyara mayafi ta bi ni. A bakin ɗakin ta cire takalmi kamar mai shiga masallaci. Ta ga wayoyin da ke ƙirjinsa, ta ga yadda ya rame, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Ta zauna a ƙarshen gado ta kama ƙafarsa ta hagu, wadda ba ta motsi, ta riƙe da hannu biyu. Hawaye yana zuba, sauti bai fita ba. Matar da ban taɓa ganin ta yi shirun minti ɗaya ba, ta yi goma cur, idonta a kan allo. Lambar ta ɗan motsa ta koma ɗari da talatin da shida ta zauna. Babanku bai ɗaga kai ba. Da lokaci ya cika ya ce, a hankali:

“Yaya, kin ci abinci?”

Ta gyaɗa kai. Muka fito. A matakala ta zauna ta yi kukan da ta riƙe, ni ma na zauna kusa da ita na yi nawa na kwana tara, don ban samu sararin yi ba sai ranar.

Sauran kun sani. Bayan sati uku ya koma gida, bayan wata huɗu ya koma ofis da sanda, ƙwayoyinsa kuma a hannuna suke har yau, ina tsaye yake haɗiya. Wasu matan ofis ba su ƙara taka gidana ba har muka baro Masar, na kuma ji irin abin da aka faɗa a kaina a Kano. Ya dame ni, ba zan ce bai dame ni ba.

Amma ga abin da nake so ku sani. Washegarin ranar nan ni na raka Goggonku filin jirgi da hantsi. Muna bayan tasi, cunkoso ya tsayar da mu a kan gada. Tana kallon kogi ta taga, sai ta ce:

“Asabe.”

“Na'am, Yaya.”

“Da ni ce, da na bar su sun shiga. Dukkansu. Ba zan iya hana kowa ba.”

Na juya na dube ta, ban san inda ta dosa ba.

“Da a garin nan muka binne shi.”

Ba ta juyo ba. Ta isa Kano ta ci gaba da ba da labarin yadda na wulaƙanta ta, shekara da shekaru, a gabana, ina zuba mata abinci. Waccan maganar ba ta taɓa maimaita ta a gaban kowa ba, ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Babanku, sai yau.